Haƙorin Makka a Layin Masu Ciki

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna a layin masu ciki a wani asibiti a Rano ba, ni da jikokina har sun fara zuwa makarantar allo. Matan Fammar sun daɗe suna ba da labarin nan, kowacce da irin gishirin da take ƙarawa, shi ya sa na ga gara ku ji shi daga bakin mai shi. Kuma tun yanzu in gaya muku, ba haƙuri na zo bayarwa ba.

A lokacin ni ce shugabar mata ta jam'iyyarmu a mazaɓar Fammar. Duk taron siyasar da za a yi, daga Kibiya har Rano, in dai an ce mata su yi magana, ni ake miƙa wa lasifika. Ina da murya, ina da baki, ina kuma da haƙorin Makka. A sama yake, gefen dama, daidai fiƙa, na zinare, wanda aka sa min shekarar da Allah ya kira ni na sauke farali. Ina tuna mutumin da ya sa shi, a wani ɗan shago, bayan mun gama aikin hajji. Ya yi ta goge haƙorina na asali da wani abu mai ƙara har hawaye ya zubo min, sannan ya kifa masa zinaren kamar hula. Da na dawo gida na daɗe ina murmushin da babu dalili. (Ko gaisuwar mutuwa na je, sai na san yadda na yi leɓena ya ɗan ɗaga. Allah ya yafe mana.)

Wata damina haƙorin ya taɓa matsa min da ciwo, na danna masa kanumfari, ya lafa. Daga nan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba, shekara da shekaru.

Sai ga wani ƙurji ya fito min a fuska, gefen hanci, ɓangaren dama. Da farko kamar ƙwayar dawa, na ce zafi ne. Ya girma, ya fashe, ya zubar da mugunya, ya bushe ya yi ɓawo. Na ce alhamdu lillahi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo daidai inda ya tashi, kamar wanda ya manta kayansa. Babu abin da ban yi masa ba. Mai kemis ya ba ni kafso, na haɗiye wasu, na fasa wasu na barbaɗa a kai. Wanzami ya yi min sakiya, na ci azaba a banza. Maigidana, Malam, ya yi tofi har bakinsa ya gaji. Duk sanda aka taɓa shi sai ya yi lamo, sannan ya dawo. Daga baya ma fatar wurin ta lotsa, kamar an ɗaura mata zare ana ja daga ciki.

Mata suka fara zuwa da fassara. Wata ta ce kambun baka ne, wata ta ce aikin 'yan adawa ne, tunda zaɓe ya matso. Ni ban zargi kowa ba. (To, ban dai faɗa a fili ba.) Abin da ke raina daban ne, kuma ban gaya wa ko Malam ba. Ina yarinya na ga yadda ciwon daji ya cinye fuskar wata gwaggona, shi ma da ɗan ƙurji ya fara. Kullum in na duba madubi ita nake gani.

Sai na sayi niƙabi. Tun da aka ƙaddamar da shari'a dama kowa yana ta gyara shiga, don haka babu wanda ya yi mamaki, sai ma yabo da na sha. "Hajiya an ƙara riƙo da addini," in ji mata. Ni kuwa a ƙarƙashin ƙyallen nan auduga ce da fulasta, ga zinariyata a rufe ba mai ganinta. Ranar da na yi jawabi a Kibiya mugunya ta jiƙa niƙabin tun ban sauka daga mumbari ba, na dawo gida raina a ɓace. Malam ya daɗe yana kallona.

"Gobe ki tafi Rano ki ga likita," ya ce. "Ba shawara nake ba ki ba."

Na tafi. Likitar da na samu mace ce, 'yar siririya, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba. Ta sa na cire niƙabin, ta ɓare fulastar, ta lallatsa wurin da yatsa, ta ce akwai wani abu kamar igiya a ƙarƙashin fatar.

"Mama, haƙori yana yi miki ciwo?"

"Haƙorana ƙalau suke," na ce, na ɗan buɗe mata zinaren don ta san da wa take magana. "Fuska na kawo miki, ba baki ba."

Ta fara yi min bayani a tsanake. Daidai nan wayata ta yi ƙara. Kansilanmu ne, wai ana rabon atamfar kamfen, kuma an tsallake matan Fammar. Ku gaya min, wace shugabar mata ce za ta ji wannan ta kashe waya? Na hau shi da faɗa, likita tana ta magana, ina gyaɗa mata kai, ina zazzaga wa kansila. Da na ajiye wayar, ƙarshen zancenta kawai na kama.

"…don haka ki je ki jira ni a ƙofar ɗakin sikanin, in na gama da marasa lafiya zan zo in yi miki da kaina. Ki bar wurin a buɗe ya sha iska. Kin gane, Mama?"

"Na gane mana, 'yar nan."

Ban gane komai ba. Amma macen da take yi wa ɗaruruwan mata bayanin yadda ake dangwala ƙuri'a ba za ta ce wa yarinya ta maimaita ba.

Ni dai a iya sanina, sikanin abu ɗaya ake yi da shi: duba ciki a ga kwanciyar yaro. Da na isa ƙofar ɗakin kuwa na tarar da abin da na sani. Benci cike da mata, kowacce da tulun cikinta a gaba, wasu na nishi, wasu na fifita da gefen hijabi. Na samu gefe na zauna, fuska a buɗe, ina ta addu'a kada in haɗu da idon sani.

"A'a! Shugaba? Ke ce?"

Hajiya Tabawa ce, shugabar matan ɗaya jam'iyyar. Mun shekara muna kai ruwa rana da ita a kan matan mazaɓar nan, ni in ja, ita ta ja. 'Yarta ta rako awo. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin, ta dawo da ido kan cikina. (Ni mace ce mai jiki, ba na musu. Tumbina ya fi na wasu da ke kan bencin nan.)

"Ikon Allah," ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ashe shi ya sa aka shiga niƙabi. Mu muna ta cewa tuba ne, ashe laulayi ne. Har da ƙurajen ciki a fuska! Shugaba, a wannan shekarun?"

Benci ya ɗauki ƙus-ƙus. Da ina da hankalin da nake da shi yanzu, da na ce mata ƙurji na zo nunawa, shi ke nan. Amma in tsaya ina yi wa Tabawa bayanin kaina a gaban mata? Har abada. Na miƙe tsaye, na gyara mayafi, na saki muryar nan tawa ta filin taro.

"Eh, cikin ne! Da aurena, da sadakina, da mijina a raye. Akwai mai magana?"

Tabawa ta kama baki. Na bi benci da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi in na kayar da abokin hamayya. Can ƙarshen benci na hango wata tana ta jan hijabi tana rufe fuska, tana neman shigewa bango. Na san hijabin nan, domin ni na saya. Hassana ce, matar babban ɗana. (Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne.) Cikinta na farko ne, ta ɓoye min saboda kunya, ta sulale ta zo awo ba da sanina ba. Ga shi yanzu ta ji uwar mijinta tana shelar nata cikin a bainar jama'a.

Na koma na zauna a hankali. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba.

To, a zaman nan ne shaiɗan ya samu wurin zama kusa da ni. Na fara tunani. Ita likitar nan, me ya sa ta turo ni nan? Ai ba mahaukaciya ba ce. Wataƙila ta ga wata alama, ta faɗa min ina kan waya. Ga al'adata ta daɗe tana yi min wasan ɓuya, na ɗauka tafiya ce za ta yi gaba ɗaya. Ga kasala da nake ji kwanan nan. Ga kwaɗayin ɗanwake da ya dame ni. Kafin a kira sunana, wallahi na gama yarda. Har na fara tunanin in namiji ne sunan mahaifina zan roƙi Malam ya sa, na kuma fara jin haushin masu cewa na tsufa.

Nas ta leƙo ta kira ni. Don layi ya yi sauri, ta kira mai bi na ta zauna a ciki, bayan labule. Sai da ta tsallake mata da yawa, saboda wasu ba su sha ruwan da aka ce su sha ba, ta faɗo kan Hassana. Labule kawai ke tsakaninmu, ƙofa kuma ba a rufe ta ruf ba saboda zafi.

Likita tana juye da baya tana wanke hannu. "Mama, hau gadon ki kwanta," ta ce.

Na hau. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwance zani na sassauta shi ƙasa, na naɗe riga sama, na baje tumbina fili guda. Kuma tunda na san Tabawa ta kasa kunne a waje, na ɗaga murya.

"Likita, ki duba da kyau. In ma biyu ne ki faɗa min, ni ba na jin tsoro."

Ta juyo da na'urar a hannu. Ta tsaya. Ta dubi cikina, ta dubi fuskata, ta sake duban cikina.

"Mama," ta ce a hankali, "rufe cikinki. Fuskarki zan duba. Ai na gaya miki ɗazu."

Nas ta ajiye abin da ke hannunta ta fita da gudu, kafaɗunta na rawa. Bayan labule na ji wani ɗan sauti kamar an shaƙe kaza. Daga waje kuwa dariyar Tabawa ce ta fara tashi, sannan benci gaba ɗaya ya ɗauka, har wata tana cewa, "Wayyo cikina, ku bari kada in haihu a nan!"

In ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar ta tsage. Amma ba ta tsage ba, don haka na ja rigata ƙasa, na ɗaura zanina a kwance, na ce, "To ai sai ki yi bayani yadda mutum zai gane." (Ta yi. Ni ce ina wajen atamfa.)

Likitar nan yarinya ce mai tarbiyya, ko murmushi ba ta yi ba. Ta tashi ta rufe ƙofar da kanta. Ta canja kan na'urar, ta ɗauko wani ƙarami mai faɗin baki, ta shafa min wani abu mai sanyi da yauƙi kamar miyar kuɓewa a gefen hanci, ta ɗora. Ta juyo da allon yadda zan gani. Ni ban ga komai ba sai hazo-hazo, fari da baƙi, kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta faɗi.

"Kin ga nan sama? Fatarki ce. Wannan farin layin na ƙasa ƙashi ne. To, kalli wannan baƙin." Ta nuna wani siririn abu da ya taso daga sama ya gangara a karkace. "Hanya ce. Daga bakin ƙurjin ta faro, ta bi ta cikin nama. Kin ga inda farin layin ya yanke? Nan ta huda ƙashin ta shiga. Bari mu ga ina ta nufa."

Ta ɗan matsar da na'urar ƙasa, ta ɗaga leɓena da yatsa, ta tsaya daidai kan zinariyata.

"Saiwar wannan haƙorin ce."

Nan na manta da kunya, na tashi zaune. "Wanne? Wannan? 'Yar nan, kin san daga inda haƙorin nan ya zo kuwa? Haƙorin Makka ne! Kuma na ce miki ba ya min ciwo!"

"Zinaren ne ya zo daga Makka, Mama. Abin da ke ƙarƙashinsa naki ne na Fammar. Ya taɓa yi miki ciwo da daɗewa, sannan ya daina?"

Na tuna daminar kanumfari.

"Lokacin ne jijiyarsa ta mutu, shi ya sa ba kya jin komai. Amma saiwar tana ta ruɓewa a cikin ƙashi, tana tara mugunya. Mugunyar ta rasa mafita, sai ta haƙa wa kanta hanya ta ɓullo a fuska. Duk maganin da kike sawa, a bakin rami kike sa shi. Ko yanke wurin aka yi aka ɗinke, in ba a taɓa haƙorin ba, sai ya dawo."

Na ja numfashi. Na yi tambayar da ta hana ni sukuni tun fitowar ƙurjin, murya ƙasa-ƙasa, karo na farko a ranar.

"Ba daji ba ne?"

"Abin da na gani bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Zan tura ki Kano wajen likitan haƙori, su ɗauki hoton ƙashin su tabbatar. In an gyara haƙorin, in sha Allahu wurin zai rufe da kansa."

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ta ɗauko auduga ta goge min yauƙin, ta yi kamar shi kaɗai take gogewa.

Da zan fito, na tsaya na gyara ɗaurin kallabi, na maƙale niƙabin a jaka, na buɗe ƙofa na ratsa ta gaban bencin nan kaina a sama. Na ce, "Allah ya sauke ku lafiya." Suka amsa da amin, wasu na cije leɓe. Na samu inuwa na jira Hassana, don ba zan bar yarinya da ciki ta koma ita kaɗai ba. Adaidaita ɗaya muka hau. Har muka bar Rano ita tana kallon gonaki ta dama, ni ta hagu. Can na ce, ba tare da na juyo ba, "Ki riƙa cin abinci sosai. Kuma ki daina ɗaukar ruwa."

"To, Hajiya." Sannan cikin ladabi, da 'yar ƙaramar murya, ta ce, "Ke ma."

Na juyo na dube ta. Ta toshe baki da hijabi, idonta ya cika da hawayen dariya, ga tsoro. Na so in ɗaure fuska, abin ya gagara. Muka yi ta dariya har mai adaidaita ya rage gudu yana leƙenmu ta madubi. Tun da aka kawo yarinyar nan gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar.

Labari kuwa ya riga mu isa gida, amma rabinsa na farko kawai, domin wata ta bar asibitin tun kafin in shiga ɗakin. Na tarar da Malam zaune a kan tabarma ya dawo daga sallar la'asar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Hajiya," ya ce, "yau hannun da aka ba ni a masallaci ko ranar ɗaurin aurenmu ban samu kamarsa ba. Liman ma sai da ya yi min addu'ar samun mai albarka. Ashe abin da za ki yi min ke nan, sai a bakin mutane zan ji?"

Na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ya mai da hularsa, ya ce, "To alhamdu lillahi da ba daji ba ne." Ya ɗan nisa. "Amma da kin bar ni na kwana biyu ina amsa gaisuwar nan. Yadda dattawa suke kallona yau, ban taɓa gani ba."

A Kano hoton ƙashi ya nuna abin da likitar ta faɗa. Na yi ta ja da likitan haƙori a kan ya wanke saiwar ya bar min abina. Ya ce da na zo da wuri da an yi hakan, amma yanzu saiwar ta lalace, sai cirewa. Aka cire. Warin da ya fito ba zan kwatanta muku ba, kuna iya cin abinci. Na ce a wanke min shi a ba ni, na ƙulle a bakin zani na taho da shi. Ba a daɗe ba ƙurjin ya daina zuba, ya bushe, ya rufe, bai sake dawowa ba. Ɗan tabo kawai ya bari.

Ina cikin jinyar bakin, wata ranar da hantsi na ji sallama da guɗa a zaure. Tabawa ce da tawagar mata, har da nawa na jam'iyya, munafukai. Sun ɗauko sabulu da garin kunu a kan faifai, wai sun zo barka.

"Shugaba, an sauka lafiya? Me aka samu?" in ji Tabawa, tana ta waige-waige kamar mai neman jariri.

Sun zaci zan shige ɗaki in rufe ƙofa. Na shimfiɗa musu tabarma, na ce su zauna. Na shiga na naɗe haƙorin a farin ƙyalle, na rungumo shi a hannu biyu, na fito ina takawa a hankali kamar mai jego. Na ajiye shi a cinyar Tabawa na buɗe.

"Namiji ne," na ce. "Da hularsa ta zinare ya zo. Ki riƙe shi da kyau, ya fi 'ya'yan wasu asali."

Ta yi tsalle ta yarfar da shi, mata suka kife da dariya, wannan karon ba ni ake yi wa ba. Sabulun kuwa na karɓe, garin kunun ma na aika wa Hassana, tunda dai an kawo.

Na ci gaba da hawa mumbari da giɓina a fili. In na ce "zaɓe" iska tana ɗan fita ta gefe, yara suna kwaikwayona, ban fasa ba. An ba ni shawarar in sa wani zinaren, na ce wanda na yi ya isa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ciwo ya ƙi jin magani a inda ya fito, a tambayi maƙwabtansa, wataƙila ba nan ne gidansa ba. In likita tana magana, kansila ya jira. Sannan duk ɗakin da aka tura ki, 'yar'uwa, kafin ki kai hannu bakin zani, ki daure ki tambaya wane ɓangaren ake nema.